Baƙin Man Gareji da Ruwan Farko a Jos

Mahaifina ya yi shekara ashirin yana kanikanci a wani garejin motocin gwamnati a Jos, inda ake gyaran tifofi da motocin kwasar shara. Ina yaro ni ke kai masa abincin rana. Na sha ganin an kwance noti a ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaya cikin yankakkiyar jarka, in ta cika sauran ya malale. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, har silifas ɗina kan manne.

Duk tsawon rani man nan na kwance, shi da ruwan batir da kumfar wankin mota. Da hadari ya haɗo a watan Afrilu, ruwan farko sai ya share tarin wata biyar ya zuba a kwata, samansa na ƙyalli launi-launi kamar bakan gizo. Jos kuwa a kan tudu take, ga duwatsu, ga ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara. Duk wanda ya ga ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da Gangare ya san yadda ruwan garin nan ke gangarowa. Kwata ba ta bi ta wata matata. Rafi take faɗawa, rafi ya kai Dilimi.

A bakin Dilimi masu lambu ke dasa injin ban ruwa da rani, su noma karas da latas da kabejin da muke saye a Farin Gada. Baƙin mai na ɗauke da dalma da wasu ƙarafa waɗanda ba sa ruɓewa, sai dai su kwanta cikin laka. Kogin kuma ba a Jos ya tsaya ba: yana ratsa Bauchi, ruwansa ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Cadi.

Gab da ritayar Baba aka kawo musu sabon shugaba, ya sa aka daɓe wurin juye mai da siminti, aka kafa masa rumfar kwano. Aka ajiye duro mai murfi, da buhunan dusar katako daga kasuwar Katako don tsotse abin da ya zube. Wurin wanki aka haƙa masa rami mai ɗaki biyu: yashi ya nutse, mai ya taso sama a kwashe, sannan ruwa ya fita. Ba a kashe kuɗin tayar tifa huɗu ba, in ji Baba.

Ranar da na ga yana share wurin da kansa, na ce, "Baba, wannan ai aikin yaran shago ne."

Bai ɗago ba. "Ɗan nan, latas ɗin da ka kawo mini yau, da wane ruwa aka shayar da shi?"