Minti Ashirin A Asibiti, Wata Guda A Gida

Ranar asibiti babbar rana ce ga uwar yaron da gaɓoɓinsa suka shanye. Tun da asuba za ta goya shi, ko da ya kai shekara biyar, ta shiga mota, ta ciri kati, ta bi layi a sashen gashi. Idan layi ya zo kanta, ma'aikacin gashi zai miƙe ƙafar yaron, ya lanƙwasa hannu, ya nuna mata yadda za ta riƙa zaunar da shi, ya ce ta dawo wata mai zuwa. Kafin ta isa gida rabin abin da aka nuna mata ya zube. Ba sakaci ba ne. Gajiya ce, da kukan yaro, da kunyar sake tambaya.

Sauran kwanakin watan kuwa yaron yana hannunta. Ita ta san lokacin da yake ƙwarewa da kunu, da irin kwanciyar da ke sa shi barci, da ƙarar da ke firgita shi. Ma'aikacin lafiya da malamin makaranta suna da ilimin larurar, ita kuma tana da ilimin wannan yaron, kuma kowane ɗaya gurgu ne in babu ɗayan. A ganina babban amfanin intanet a wannan harka shi ne haɗa waɗannan ilimai biyu a ranakun da ba a ganin juna.

Abu mafi sauƙi shi ne bidiyo. Idan uwa ta nemi izini ta ɗauki ma'aikacin gashi yana motsa gaɓoɓin ɗanta, ta tafi gida da darasin a cikin waya, kuma kaka da yayar yaron ma za su koya. Haka nan daga gida zuwa asibiti. Likitoci sun san wahalar gane farfaɗiya daga bayanin baki, domin yaro ba ya faɗuwa a gaban likita don an zo asibiti. Bidiyon minti ɗaya na yadda jikinsa ke yi idan abin ya motsa ya fi dogon bayani, muddin an fara kwantar da shi a gefensa an kawar da abin da zai ji masa ciwo. Malamar aji ma za ta iya tura wa iyayen kurma sababbin alamomin hannu da aka koya a mako, don kada yaro ya yi magana a makaranta ya dawo gida ya rasa abokin hira.

Misalin da ya fi nuna nauyin da ke kan iyaye shi ne na jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe. Ana gyara shi da dabarar da likita Ignacio Ponseti ya ɓullo da ita a jihar Iowa ta Amurka, wadda asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano suke amfani da ita: ana sa filasta ana canzawa mako-mako na 'yan makonni, sau da yawa a yi ɗan yanka a jijiyar dunduniya, sannan a sa wa yaro takalma biyu da ƙarfe ya haɗa su. Wata ukun farko yana sanye da su awa 23 a kullum, daga nan kuma duk dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. Aikin likita na makonni ne, na iyaye na shekaru. Kuma babban abin da ke sa ƙafar ta koma gidan jiya shi ne daina sa takalmin, saboda yaro yana kuka, ko wata gwaggo ta ce ai ƙafa ta miƙe, a daina azabtar da shi. A irin wannan dare, saƙon murya guda daga ma'aikaciyar asibiti, ko daga wata uwa da ta riga ta wuce wannan mataki, yana iya ceton ƙafar.

Akwai kuma darussa da aka tsara domin iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9 da ke da jinkirin girma ko galahanga, kuma a 2022 ta sa shi a intanet kyauta. Yana koyar da yadda za a mayar da wasa da wanka da cin abinci su zama lokacin koya wa yaro magana da mu'amala. Littafin David Werner na 1987 a kan yara masu nakasa a karkara, mai cike da zane-zanen kujeru da sandunan koyon tafiya da kafinta zai iya haɗawa, shi ma ƙungiyar Hesperian ta sa shi a shafinta. Matsalar ita ce harshe. Uwar da ba ta jin Turanci ba za ta amfana ba sai ma'aikaci ya karanta, ya tace, ya faɗa mata da Hausa a saƙon murya. Ita kanta kalmar galahanga mun jibga mata larurori daban-daban, don haka iyaye su nemi likita ya rubuta musu ainihin sunan abin da ke damun ɗansu kafin su shiga bincike.

Wayar da ke kawo darasi ita ce kuma ke kawo mai tallar magani. A TikTok da Facebook ba a rasa wanda zai rantse cewa garinsa yana tayar da yaron da bai taɓa zama ba, ko ya ce ɗan ruwa ne aljanu suka musanya. Alhali shanyewar gaɓoɓi tana da sanannun dalilai: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ma'aikacin da ya yi wa uwa tsawa don ta nuna masa irin wannan talla ya rufe ƙofa da kansa, domin gobe za ta saya ba tare da ta gaya masa ba.

Sai batun sirri. Bidiyon yaro tsirara ana masa wanka, ko yana cikin farfaɗiya, na likitansa ne kaɗai. Bai kamata ya shiga zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba, balle a yi bara da shi. Nijeriya tana da dokar hana nuna wa masu nakasa wariya tun 2019, da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma abin da aka riga aka tura ba ya dawowa. Ma'aikaci shi ma mutum ne mai iyali, don haka a yi yarjejeniya tun farko: wace rana ake turo saƙo, kuma wane hali ne ba a jiran amsa, sai dai a ɗauki yaro a nufi asibiti.

Abin da aka fi mantawa shi ne wayar a hannun wa take. A gidaje da yawa babbar waya ta maigida ce, yana fita da ita tun safe, mai renon kuma tana gida da ƙaramar da ba ta buɗe bidiyo. Ma'aikacin da ya karɓi lamba bai tambayi wannan ba, saƙonsa zai wuni a kasuwa. Wanda ya tambaya kuwa zai turo da daddare, lokacin da uba da uwa suke tsakar gida, yaron yana kan tabarma a tsakaninsu.