Maginin Ƙasa a Jibiya: Hannun da Tsohon Gida Ke Jira

Da an kawar da amfanin gona, gero da dawa sun shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, to lokacin magini ya kama. Haka abin yake a Jibiya da ƙauyukan da ke kewaye da ita, haka yake a tsallaken iyaka, daga Ɗan Isa har Maraɗi. Ginin ƙasa aikin rani ne. Ba a ɗora tubali da damina, kuma duk wanda ya bar gyaran soronsa har hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya makara. Shi ya sa maginin gargajiya kusan kullum manomi ne: damina yana gona, sauran shekara yana kan katanga.

Yau idan ka nemi magini a Jibiya, mai bulo da siminti za a fara kawo maka. Garin kasuwa ne, garin iyaka, hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa shi ta Magama, kuma duk wanda Allah ya buɗa wa, abin da yake fara yi shi ne ya ture ɗakin ƙasa ya ɗora na bulo da rufin kwano. Ban ga laifin kowa a nan ba. Amma wanda nake son mai karatu ya sani shi ne ɗayan maginin, mai aiki da tafin hannu, wanda yawancin masu sana'arsa yanzu furfura ta kama su.

Aikinsa daga kududdufi yake farawa. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba, kuma a yanki mai yawan rairayi irin na arewacin Katsina, sanin inda ƙasar gini take rabin sana'ar ne. Gwani zai damƙi ƙasa ya jiƙa ta, ya murza a tsakanin yatsu, ya gaya maka ko za ta riƙe ko za ta tsattsage. Jar ƙasa mai birji ita ake so. A haƙo ta, a kwaso a jakuna ko amalanke, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara da kashin doki ko na jaki, sannan samari su shiga su tattake ta da ƙafa. Ba a ranar ake aiki da ita ba. Sai an bar kwaɓin ya kwana biyu ya tsima, a sake jiƙawa, a sake takawa. Mai gaggawa a wannan mataki shi ne wanda bangonsa ke darewa tun kafin a tare a gidan.

Daga nan sai tubali. Ba na akwati ba, na asali, wanda ake curawa da hannu, gindinsa da faɗi kansa da tsini. A jera shi a rana ya yi kamar mako biyu. Wurin gini, a tsaye ake dasa shi, tsinin na kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Gindin bango yakan ci tubali uku ko huɗu a faɗi, yana hawa yana sirancewa, kuma ba a yin sahu da yawa a yini ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Magini na zaune a kan bango ya raba ƙafa, yaro na ƙasa yana cilla masa. Ya ce "Tubali!" a jefo. Ya ce "Ƙasa!" a jefo curi. Babu ma'auni a hannunsa, idonsa ne ma'auni. Yaro kuwa zai shekara da shekaru yana kwaɓi da jifa kafin ranar da za a ce masa, "Hau ka gwada," shi kuma ya ce, "To, Baba."

Inda ake bambanta magini da gwani shi ne rufi. Azara, wato faskararren itacen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2. To yaya aka yi kakanninmu suka rufe zauruka masu faɗi ba tare da rodi ko ɗaya ba? Na farko da tauyi: a gitta azara a kusurwoyin ɗaki don a rage faɗin da ya saura. Na biyu da bakan gizo: a dasa azara a cikin bango tun daga ƙasa, a ɗaure wata a kanta tana ɗan leƙowa ciki, a yaɓe, a jira ta bushe, a ƙara wata, daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Idan bakunan suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, kuma a kansa ake samun tulluwar da kake gani daga waje. A shimfiɗa zana ko asabari a kan azara, a zuba ƙasa, a fitar da rawani a gefe, a tsayar da zankwaye a kusurwa, a sa indararo ya tofar da ruwa nesa da gindin bango. Wanda ya taɓa yin barcin rana a irin wannan soro a watan bazara, lokacin da ɗakin kwano ba ya shiguwa, ba ya bukatar a yi masa bayanin amfaninsa.

Sauran aiki yaɓe ne, kuma a nan ne sana'ar ke jingine da wasu sana'o'in. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake jiƙo ta, a kwaɓa ƙasa da ruwanta don bango ya jure feshin ruwa. Laso, wanda ake shafe rufi da shi, haɗi ne na katsi daga marina, da gashin awaki daga majema, da yauƙin dafara. Daɓen ƙasa kuwa aikin mata ne, da maɗabi da waƙoƙinsu. Ka ga ke nan idan marina ta mutu a gari babu katsi, idan aka sare ɗorawa babu makuba, idan giginya ta ƙare azara ta yi tsada. Magini bai taɓa tsayawa shi kaɗai ba.

Sana'a ce mai sarauta. A manyan biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Magina, kuma a Zariya har yau ana ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. A Nijar kuma, a garin Yama na jihar Tawa, wani manomi magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa tulluwa da hasumiyoyi har wajen 1982. A 1986 aka ba ginin lambar yabo ta Aga Khan, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya ke nema. Ba da digiri ya samu ba, da tubali da azara ya samu.

Mutanen Jibiya suna da dalilin jin tsoron ginin ƙasa, kuma ba zan ɓoye shi ba. A tsakiyar watan Yuli na 2018, ruwan dare ɗaya ya haddasa ambaliyar da ta kashe sama da mutum 40 a garin, ta rushe ɗaruruwan gidaje. Maraɗi ma ta ga irin wannan a 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon gari, aka koma kan tudu. Bangon ƙasa ba ya jure ruwan da ya kwanta a gindinsa. Sai dai tsofaffin magina sun san da haka, shi ya sa suke zaɓen tudu, suke ɗaga daɓe, suke yin dakali ya tare gindin katanga. Gidan da aka kafa a kan hanyar ruwa, ko da bulo ne, yana cikin haɗari. Kuma tsofaffin sorayen da suka tsira daga wancan daren sun ƙara daraja, don ba su da yawa.

Wannan ne ya kawo ni maganar sanya tsohon gida a jerin kayan tarihi. A Najeriya, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ke da wannan aiki. Takan buga sanarwa, a ba mai gida damar kawo ƙorafi, sannan a miƙa wa shugaban ƙasa ya amince. Daga nan rushe ginin ko sauya masa kama ba da izini ba ya zama laifi. Wurare 65 ne aka daɗe ana lissafawa a jerin, kuma yawancinsu tun shekarun 1950 da 1960 aka sa su. A Katsina akwai Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. A Kano akwai Gidan Makama. Can kuma akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen ilimi Hanns Vischer ya zauna, wanda hukumar tarihi da al'adu ta jihar ke riƙe da shi. Wannan na ƙarshe ya nuna cewa ba sai an jira Abuja ba.

Amma takarda ba ta tare ruwa. Abin da ya tsayar da Gobarau har ta kai zamaninmu ba allon da aka kafa a gabanta ba ne, hannun magina ne da ke komawa kanta suna gyara abin da damina ta zaizaye. A Jenne ta ƙasar Mali, gari guda ke fitowa duk shekara a yaɓe babban masallaci, shi ya sa yake tsaye. Inda aka rasa wannan hannu, sai a kira mai siminti ya shafe bangon ƙasa, a ɗauka an taimake shi. Siminti kuwa ba ya barin bango ya fitar da danshi: laima ta taru a ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana shafen ya ɓantale da rabin bangon. Abin da ya faru a Zariya ranar 11 ga Agusta 2023 ya isa gargaɗi a kan tsohon gini. Wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufta ana sallar La'asar, mutum aƙalla 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gini ne da duniya ta san darajarsa, har an yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

Don haka a ganina, idan Jibiya za ta keɓe wani tsohon gida, ko zaure, ko masallacin unguwa a matsayin kayan tarihinta, to a rubuta sunan maginin da zai kula da shi a takarda ɗaya da sunan gidan. A ware masa kuɗin yaɓe duk rani, a haɗa shi da yara biyu ko uku da za a riƙa biya su koya. Kuɗin ba su kai na gina shago ɗaya a bakin titi ba. Kada kuma a kori masu gida a kulle ƙofa, don soron da ba a kwana a ciki, ba mai ganin ɗigon farko, ba mai toshe ramin gara. Magada ma a yi musu adalci: wanda aka hana shi sayar da filin gadonsa ko ya gina shaguna a kai, ya cancanci a ɗauke masa nauyin gyara.

Lokaci ba ya jira. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Jibiya zai bi, kuma duk inda jirgi ya tsaya, fili kan yi tsada, tsohon gini kan zama abin turewa. Ina kira ga Sarkin Arewa Hakimin Jibiya, da majalisar ƙaramar hukuma, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, su zaga unguwanni a wannan rani tare da dattawan magina, su ƙidaya sorayen da suka rage, su zaɓi ko guda ɗaya ne su sa shi a rajista. Kai kuma mai karatu, idan gidanku na gado yana da ɗaurin guga, ka nemo maginin ƙasa ya duba shi kafin ruwan farko ya sauka.