Harin 11 ga Satumba: Kowa na tuna inda yake lokacin da ya ji labari, amma ko abin da yake tunawar daidai ne?

Da misalin ƙarfe 9:05 na safiyar Talata, 11 ga watan Satumban 2001, shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, yana zaune a gaban 'yan aji biyu na wata makarantar firamare a garin Sarasota da ke jihar Florida, yana sauraron karatunsu.

Sai shugaban ma'aikatan fadarsa, Andrew Card, ya shigo ajin ya sunkuya daidai kunnensa ya raɗa masa: "Jirgi na biyu ya daki bene na biyu. An kai wa Amurka hari."

Card ya ja da baya nan take don kada shugaban ya jefo masa tambaya a gaban yara da kyamarori. Bush ya ci gaba da zama na kusan minti bakwai, yaran na karanta labarin wata akuya, shi kuwa fuskarsa ta sauya gaba ɗaya.

Kafin ƙarfe goma da rabi na wannan safiya, jirage huɗu da 'yan ƙungiyar Al-Qa'ida 19 suka yi fashinsu sun riga sun tarwatse: biyu a tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, ɗaya a ma'aikatar tsaro ta Pentagon, na huɗun kuma a wani fili a jihar Pennsylvania. Mutum 2,977 ne suka mutu, 'yan ƙasashe sama da 90, cikinsu har da ma'aikatan kashe gobara 343.

Sama da shekara 20 bayan nan, da wuya a tambayi Ba'amurken da ya mallaki hankalinsa a lokacin inda yake da ya fara jin labarin, ya yi jinkirin ba da amsa. Zai faɗi ɗakin, ya faɗi wanda ya gaya masa, wani ma har da rigar da ke jikinsa.

Wanda ya gani daga sama

Frank Culbertson shi kaɗai ne Ba'amurken da ba ya doron ƙasa a ranar. Shi ne kwamandan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tare da 'yan sama jannatin Rasha biyu, kimanin kilomita 400 daga ƙasa.

Ya kira likitan tawagarsu ne domin ba shi sakamakon gwajin lafiyar da suka saba yi, sai likitan ya ce masa yau fa babu daɗi a duniya, sannan ya shiga zayyana masa abin da ke faruwa. Culbertson ya duba taswira ya ga tashar na dab da ratsawa ta saman arewa maso gabashin Amurka. Ya ɗauki kyamarar bidiyo ya nufi taga, ya hango hayaƙi na tashi daga New York yana miƙewa zuwa teku.

Sai washegari aka sanar da shi cewa matuƙin jirgin da aka kara wa Pentagon, Charles Burlingame, abokin karatunsa ne a kwalejin sojin ruwa, kuma tare suka yi ƙungiyar masu busa da kiɗa ta makarantar. Akwai ƙaho a cikin kayan da Culbertson ya tafi da su. Da shi ya yi wa abokin nasa busar da sojojin Amurka ke yi wa mamatansu, daga can cikin tashar.

Sakataren harkokin wajen Amurka, Colin Powell, shi kuma yana birnin Lima na ƙasar Peru yana karin kumallo da shugaba Alejandro Toledo, wani hadiminsa ya miƙo masa 'yar takarda. Ya shafe sa'o'i a jirgi a hanyar komawa Washington, ba shi da cikakkiyar hanyar magana da fadar shugaban ƙasa.

Akwai kuma waɗanda labarin ya yi jinkirin riskar su. Da aka rufe sararin samaniyar Amurka, jirage 38 sun sauka a Gander, wani ƙaramin gari a Kanada mai mutum kusan 10,000, ɗauke da fasinjoji sama da 6,000. Da yawansu sun shafe sa'o'i masu yawa a cikin jiragen suna jin guntu-guntun bayani daga bakin matuƙa. Ba su ga hoton benayen na rushewa ba sai da aka kai su makarantu da majami'un da aka tanadar musu, suka tarar da talabijin.

Ƙarfe biyu saura a Najeriya

Lokacin da jirgin farko ya daki benen arewa da ƙarfe 8:46 na safe agogon New York, a Najeriya da Nijar ƙarfe 1:46 ne na rana, ana haramar sallar Azahar.

Wayar salula ta GSM kimanin wata guda ke nan da shigowarta Najeriya. A watan Agustan shekarar ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki, kuma kuɗin layi kaɗai ya fi ƙarfin talaka. Babu Facebook, babu WhatsApp. Masu tauraron ɗan'adam a gida su ne suka ga jirgi na biyu a CNN, sauran jama'a kuwa sai dai rediyo: sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da Jamus, ko kuma bakin wanda ya saurara ya zo majalisa yana ba da labari.

A Jos lamarin daban ne. Tun ranar Juma'a 7 ga wata garin ke cikin rikicin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ya ci rayuka sama da 1,000 cikin kwanaki kaɗan. Labarin New York ya tarar da mutanen garin suna neman 'yan'uwansu a asibitoci da barikoki. Wata guda bayan haka, zanga-zangar da aka yi a Kano kan luguden wutar da Amurka ta fara a Afghanistan ranar 7 ga Oktoba ta rikiɗe zuwa tarzoma, aka rasa rayuka.

Abin da Bush bai gani ba

Ranar 4 ga Disamban 2001, a wani taron jama'a a birnin Orlando, wani yaro ya tambayi Bush yadda ya ji da labarin ya same shi.

Shugaban ya ce yana zaune a wajen ajin yana jiran shiga, talabijin a kunne, sai ya ga jirgi ya daki benen, har ya ce a ransa wannan matuƙin bai iya tuƙi ba. Ya sake ba da labarin kusan haka a California a watan Janairun 2002.

Sai dai hakan ba zai taɓa yiwuwa ba. Babu wata tashar talabijin da ta nuna dukan jirgin farko kai-tsaye, domin babu wanda ya san zai faru. Fitaccen bidiyon da ake da shi, wani Bafaranshe mai suna Jules Naudet ne ya ɗauka bisa dace, yana shirya fim kan ma'aikatan kashe gobara, kuma sai bayan sa'o'i masu yawa aka fara nuna shi. Hadimansa ne suka sanar da Bush batun jirgin farko da baki kafin ya shiga ajin.

Masu zargin cewa da hannun gwamnatin Amurka a harin sun riƙe wannan magana tamkar hujja, suna cewa ashe an nuna masa ta wata ɓoyayyiyar hanya. Har yau ana yaɗa ta a intanet.

Amma ba shi kaɗai ya yi wannan kuskuren ba. Kathy Pezdek, wata masaniyar halayyar ɗan'adam a California, ta tambayi ɗalibai a New York da California da Hawaii makonni bakwai bayan harin ko sun ga bidiyon jirgin farko a talabijin a ranar. Kashi 73 cikin 100 suka ce sun gani. An yi ta maimaita hoton jirgi na biyu har ƙwaƙwalwa ta haɗa shi da abin da aka gani daga baya, ta mayar da su abu ɗaya.

Rubutuna ne, amma ba haka aka yi ba

Tun 1977 wasu masana biyu a jami'ar Harvard, Roger Brown da James Kulik, suka yi nazarin yadda Amurkawa ke tuna lokacin da suka ji an harbe shugaba John F. Kennedy a 1963. Suka kwatanta lamarin da hasken filashin kyamara: labari mai girgiza zuciya na zuwa, ƙwaƙwalwa ta ɗauki hoton wurin baki ɗaya ta adana.

Kwatancen ya karɓu saboda haka kowa ke ji a jikinsa. Matsalar ita ce ba su da yadda za su tabbatar ko abin da mutanen suka faɗa musu bayan shekaru haka ya faru.

Ulric Neisser ne ya gwada. Washegarin tarwatsewar kumbon Challenger a watan Janairun 1986, ya sa ɗalibai 106 na jami'ar Emory suka rubuta yadda suka ji labarin. Bayan shekara biyu da rabi aka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu babu abu ko guda da suka faɗa da ya dace da rubutunsu na farko, kuma cike suke da tabbaci. Da aka nuna musu takardun, wasu sun amince rubutunsu ne, amma suka tsaya kan cewa sabon labarin shi ne gaskiya.

Don haka da harin Satumba ya auku, masana sun san abin da za su yi. Ranar 12 ga wata, Jennifer Talarico da David Rubin na jami'ar Duke suka tara ɗalibai 54, kowa ya rubuta yadda ya ji labarin harin, ya kuma rubuta wani abu na yau da kullum da ya faru da shi a kwanakin. Aka sake kiran wasu bayan mako ɗaya, wasu mako shida, wasu mako 32.

Duka labaran biyu sun zaizaye daidai wa daida. Bambancin kawai shi ne ɗaliban sun yarda suna manta na yau da kullum ɗin, amma na harin suna ganin sa tar a ransu kamar jiya.

Bincike mafi girma shi ne wanda William Hirst da Elizabeth Phelps da abokan aikinsu suka yi kan mutum sama da 3,000 a biranen Amurka bakwai, suka bi su har shekara 10. Bayan shekarar farko, kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na bayanan mutane suka dace da abin da suka faɗa a makon harin. Inda mutum yake ya fi zama daram. Abin da ya fi saurin sauyawa shi ne yadda ya ji a ransa a lokacin. Bayan shekarar farkon kuma labarin ya daskare: kuskuren da ya shiga ya zauna, ana ta maimaita shi.

Kusanci ma na da tasiri. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar wasu mazauna New York shekara uku bayan harin, waɗanda ke kusa da benayen a ranar ne ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai kula da tsoro ya fi motsawa idan suna tunawa. Mutumin Kano da ƙarar bama-baman yammacin Juma'ar 20 ga Janairun 2012 ta girgiza tagar ɗakinsa, da wanda ya ji labarin a rediyo daga Sakkwato, ba abu ɗaya suke ɗauke da shi ba ko da kalmominsu sun zo ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan da ke ƙarya, kuma nan ne wahalar take, musamman ga alƙalai da 'yan jarida da ke auna gaskiyar mai ba da shaida da irin tabbacin da ke muryarsa.

Labarin da aka fara ji kan Salman

Mohammad Salman Hamdani ɗan shekara 23 ne, haifaffen Karachi da ya tashi a New York. Ya samu horon ba da agajin gaggawa, yana cikin matasan da rundunar 'yansandan birnin ke horarwa, yana kuma aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar Rockefeller.

Da safiyar ranar ya bar gidansu a unguwar Queens zai tafi aiki. Wurin aikin nasa ba ya kusa da benayen, don haka babu abin da zai kai shi can. Bai dawo gida ba, kuma bai isa wurin aiki ba.

Iyayensa suka shiga neman sa a asibitoci, suna manna hotonsa a bango kamar sauran dubban iyalai. A watan Oktoba, suna shirin tafiya Makka don yi masa addu'a, wata jarida a birnin ta buga labarinsa da kanun da ke tambayar ko ɓata ya yi ko ɓuya. Matashi ne Musulmi, ya karanci kimiyyar sinadarai, yana da katin 'yansanda, kuma babu wanda ya san inda yake. Wannan shi ne abin da mutane da yawa suka fara ji game da shi.

Sai a watan Maris na 2002 'yansanda suka je gidan suka shaida wa iyayen cewa gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar an samu gawarsa a ɓaraguzan benen arewa, da jakar kayan agaji a kusa da shi. Ana kyautata zaton daga cikin jirgin ƙasa ya hango hayaƙin, ya sauya hanya ya nufi wurin don taimakawa.

An yi masa jana'iza a watan Afrilun 2002 a babban masallacin birnin, magajin gari Michael Bloomberg da kwamishinan 'yansanda Raymond Kelly suka halarta. Majalisar dokokin Amurka ta riga ta ambaci sunansa a dokar yaƙi da ta'addanci ta 2001 a matsayin misalin Musulmin da suka nuna jarumta.

A wurin tunawa da waɗanda suka mutu da aka buɗe a 2011, ba a sa sunansa cikin jerin ma'aikatan agaji ba, abin da mahaifiyarsa ta daɗe tana ƙorafi a kai. A 2014 aka sanya wa wani titi a unguwarsu ta Bayside sunansa.