Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Singafora da New York

Nisan da ke tsakanin birnin Singafora da birnin New York na ƙasar Amurka ya kai kimanin kilomita 15,349 (mil 9,537), idan aka auna daga filin jirgin sama na Changi zuwa na John F. Kennedy. Kamfanin Singapore Airlines ya fara jigilar fasinjoji kai tsaye tsakanin filayen biyu a watan Nuwamba na 2020, inda ta zama tafiya mafi nisa da jirgin fasinja ke yi a duniya ba tare da ya da zango ba. Tana ɗaukar awa 18 zuwa 19.

Yadda ake auna nisan

Da yake duniya a dunƙule take kamar ƙwallo, layin da ya miƙe a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira ba shi ne hanya mafi kusa ba. Ana auna nisan ne da abin da ake kira babbar da'ira, wato layin da zare zai bi idan aka ja shi tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallon taswirar duniya. Singafora da New York kusan baya da baya suke, don haka layin nasu ya ratsa ta kusa da ƙuryar arewacin duniya.

Hanyar da jirgi ke bi

Ba kasafai jirgin ke bin wannan layi daidai ba. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma matuƙa sun fi son ta tura su daga baya. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Singafora yakan bi ta gefen Japan da arewacin tekun Pasifik zuwa Kanada. Wajen komawa kuwa, sau da yawa yakan ci gaba da nufar gabas, ya tsallake tekun Atlantika, ya ratsa Turai da yankin Indiya. Kilomitocin sun fi yawa, amma ana rage lokaci da mai.

Tarihi

A 2004 kamfanin ya buɗe hanya tsakanin Singafora da filin jirgin Newark da ke kusa da New York, da jirgi ƙirar Airbus A340-500 mai inji huɗu. An dakatar da ita a 2013, musamman saboda tsadar mai. A watan Oktoba na 2018 aka dawo da ita da Airbus A350-900ULR mai inji biyu, wanda ke ɗaukar mai har lita 165,000. Kujeru 161 kacal aka sanya masa, babu na ƙaramin aji, abin da ke rage nauyi a doguwar tafiya irin wannan.