HULA MAI LAUNIN RAIRAYI: YADDA INGILA TAKE TANKAƊE SOJOJINTA

Ran 5 ga watan Mayu 1980, mutanen Ingila sun ga abin mamaki cikin talabijin. Waɗansu sojoji sanye da baƙaƙen tufafi suka sauko da igiya daga rufin ofishin jakadancin Iran a birnin Landan, inda ƴan bindiga 6 suka yi kwana 6 suna tsare da mutane. Cikin minti 17 aiki ya ƙare: an kashe ƴan bindiga 5, an kama na shida, an kuɓutar da mutum 19. Tun daga ran nan duniya ta san sunan rundunar SAS.

An kafa wannan runduna a Masar cikin shekara ta 1941, lokacin yaƙin duniya na biyu. Wani ƙaramin hafsa, David Stirling, shi ne ya kawo shawarar cewa mutane kaɗan masu horo na musamman sun fi taron yuyuyu amfani a bayan abokan gaba. Su ne suka dinga ratsa hamadar Libiya da dare, suna ƙone jiragen saman Jamus da na Italiya a inda suke ajiye. Har yau hular rundunar launin rairayi gare ta.

Samun wannan hula ba wasa ba ne. Ba a ɗaukar sabon shiga, sai wanda ya riga ya yi aikin soja. Sau biyu ake zaɓe a shekara, da sanyi da kuma lokacin zafi, kuma sau biyu kawai ake ba mutum damar gwadawa.

Matakin farko kan ɗauki kamar mako huɗu, cikin duwatsun Brecon Beacons na yankin Wales. Mafi tsawonsu shi ne Pen y Fan, mai mita 886. Ana ba soja jaka mai nauyi, da bindiga, da taswira, da na'urar nuna arewa, a gaya masa wurin da zai je. In ya isa, a gaya masa na gaba. Kullum nisa yana ƙaruwa, kaya suna ƙara nauyi. Gwajin ƙarshe shi ne tafiyar kilomita 64 da kaya na kilo 25, ban da bindiga da ruwa, cikin awa 20.

Abin lura a nan shi ne, malaman ba su yi wa kowa tsawa, ba su kuma lallashin kowa. Soja yana tafe shi kaɗai, ba abokin hira, ba mai ƙarfafa masa zuciya. Wanda ya ce ya gaji, sai a sa shi mota a mai da shi rundunarsa ta asali. Ƙarfin jiki kowa ya zo da shi. Abin da ake nema shi ne mutumin da zai ci gaba da aiki daidai ko ba idon kowa a kansa. Mai haƙuri, in ji masu magana, shi kan dafa dutse.

Waɗanda suka tsallake sai a kai su kurmin Brunei ko na Belize, inda jiki ba ya bushewa, su koyi sintiri da yaƙi cikin ƙananan ƙungiyoyi. Bayan haka sai gwajin gudu da ɓuya: a sake su cikin daji, a sa sojoji su farauce su. Daga ƙarshe a tsare su wajen awa 36, ba barcin kirki, ana yi musu tambayoyi, don a ga mai iya riƙe bakinsa. Cikin goma, kamar ɗaya ne kan kai ga hula.

Amma tankaɗe irin wannan yana da haɗari. Ran 13 ga watan Yuli 2013, sojojin wucin gadi 3 suka faɗi cikin tafiyar kilomita 26 a waɗannan duwatsu. Biyu suka cika a ranar, na ukun ya rasu a asibiti bayan mako biyu. Zafin ranar bai wuce kamar digiri 30 ba, abin da ba ya ba mutumin Sahel tsoro. Sai dai mai hawan dutse da kaya jikinsa yana yin zafi fiye da yadda gumi zai iya sanyaya shi, wanda kuma ya ƙudura ba zai ce ya gaji ba, ba shi ne zai nemi taimako ba. Binciken shari'a na 2015 ya tabbatar da sakaci: an yi jinkirin kai musu agaji, kuma da an bi dokokin soja game da zafi, da sun rayu.

Wannan darasi ne ga duk mai riƙe da mutane, ko cikin soja ko cikin ma'aikata. In an koya wa mutum kada ya tsaya, to, wajibi ne shugabansa ya san lokacin da zai tsayar da shi.