Ɗaliban Ilimi a Alƙahira: Faɗuwar Kuɗi, Tsadar Haya da Hukuncin Bashi

Tun da daɗewa iyaye daga ƙasar Hausa suke tura 'ya'yansu Jami'ar Azhar, saboda darajar iliminta da kuma sauƙin rayuwa a Masar. Darajar tana nan, amma sauƙin ya ragu ƙwarai, kuma ya kamata mu fahimci dalili.

A farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 na Masar ba. Bayan an yi ta karya darajar kuɗin, a watan Maris na 2024 gwamnati ta bar wa kasuwa farashinsa, dala ta kusa kaiwa fam 50. Hauhawar farashin kaya a can ta kai kashi 38 cikin ɗari a watan Satumba na 2023. A Nijeriya kuma, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,400 a farkon 2024.

Mai karatu zai iya cewa, tunda kuɗaɗen biyu duk sun faɗi, ai an yi kunnen doki. Lissafin canji kaɗai ke nan. Abinci, magani da kuɗin mota a Alƙahira sun bi dala sun tashi, albashin uba a Kano ko Gusau kuwa bai tashi daidai da su ba.

Haya ta fi komai nauyi. Masaukin baƙin ɗalibai na Azhar, wato Madinatul Bu'us, ba ya ɗaukar kowa, don haka da yawa suna haɗa kuɗi su kama gida a unguwanni irin Madinatu Nasr. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, dubban ɗaruruwan mutane suka kwarara Masar, masu neman gida suka yawaita, masu gidaje suka ɗaga farashi duk lokacin sabunta yarjejeniya.

A fiƙihu, haya yarjejeniya ce mai lizimtawa: idan an yanke kuɗi da wa'adi, mai gida ba shi da ikon ƙari shi kaɗai har wa'adin ya cika. Saboda haka muke jan hankalin ɗalibai su rubuta yarjejeniya, su fayyace kuɗin da tsawon lokacin.

Sai batun bashi, wanda ya raba abokai da dama. Wanda ya ranci fam dubu biyar kafin faɗuwar kuɗi, nawa zai biya? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashi ana biyan kwatankwacinsa ne a kuɗin da aka karɓa, ba a ɗaure shi da tashin farashi. Wasu malamai sun karkata ga ra'ayin Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, na duba ƙima idan darajar kuɗin ta canja. Ya halatta ranar biya su yarda a biya da wani kuɗin bisa farashin wannan rana, muddin an kammala biyan kafin su rabu. Idan mai biya ya ƙara wani abu don kansa, ba tare da sharaɗi ba, wannan kyautatawa ce da Sunna ta yaba.

Mu iyaye kuma, kada mu tura yaro da lissafin shekarun baya. Mu tambayi waɗanda suke can kuɗin haya da na takardar izinin zama a yau. Masu hali su tuna cewa ɗalibin da guzurinsa ya yanke a ƙasar waje yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma da yawansu kunya ce take hana su magana.

Allah Ya yassare wa masu neman ilimi, Ya sanya albarka a ɗan abin da iyayensu suke aikawa.