Gigin Tsufa: Abin Da Hoton Ƙwaƙwalwa Ya Nuna Game Da Magani

Da yawa cikinmu muna da tsohuwa a gida wadda ta fara manta sunayen jikokinta, ko ta fita ta kasa gane hanyar komowa. Mukan ce gigin tsufa ne. A wasu ƙauyuka har akan jingina mata maita, abin baƙin ciki. Ciwo ne kuwa, kuma mafi yawansa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, suna aika wa juna saƙo dare da rana kamar wayar tangaraho. Ɗaya daga cikin masu kai saƙon nan wani sinadari ne da ake kira asetilkolin, ciwon kuwa yana kashe ƙwayoyin da ke yin sa. Maganin donepezil, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, aikinsa shi ne ya hana jiki saurin rushe ɗan sinadarin da ya rage.

To, yaya aka san yana aiki? Tun farkon shekarun 1990 akwai wata hanyar ɗaukar hoto da na'urar MRI wadda take bin sawun jini, gama duk sashen da ke aiki yakan ja jini zuwa gare shi. In sassa biyu suna tashi tare suna sauka tare, an san suna magana da juna ke nan. A 2001 Marcus Raichle da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai sassan da ke aiki tare sa'ad da mutum yake kwance shiru yana tune-tune. A mai wannan ciwo, sassan nan sukan daina tafiya tare, kamar 'yan makaranta masu waƙa da kowa ya kama nasa kari. Bayan watanni ana shan donepezil, hotuna sun nuna haɗin wasu sassa ya ɗan ƙarfafa. Ɗan kaɗan ne fa, kuma marasa lafiya kaɗan aka gwada. Ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa.

Akwai sabon magani, lecanemab, da aka amince da shi a Amurka a 2023. Yana share dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma a gwaji na wata 18 ya rage saurin lalacewa da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Amma hoton MRI ya nuna kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwar wasu, ga kuma tsada.

Saboda haka kada mu tafi kemis mu sayo wa Kaka donepezil da kanmu. Yana iya kawo amai da zawo, ya kuma rage bugun zuciya. Mu kai ta asibiti tukuna, gama wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 take, ko daga ciwon ƙwayar maƙogwaro, kuma waɗannan suna da magani.